Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Uba Sani kan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan

Assalamu alaikum mai girma Gwamna, Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe na san za a ce reluwe ta gwamnatin tarayya ce ba ta jiha ba, to haka ne, amma garin ai a jiharka yake, tarihin ma namu ne mu 'yan Kaduna.

Jirgi ne ya raya Kafanchan, wannan kowa ya sani. A 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Enugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna, a nan garin ne kuma reshe ya ɓalle ya hau Jos, daga baya aka ja shi daga Kuru, kusa da Jos, har Maiduguri a 1964, ka ga kenan kwal ɗin Enugu da kuzar Jos duk sai sun ratsa ta nan. Mutanen Fantswam suna zaune tun asali, sai ga Ibo da Yarbawa da Hausawa, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da iyalinsa, har fadar Sarkin Jama'a ma ta dawo cikin garin a shekarun 1930.

Yanzu fa? Je ka gani wallahi sai ranka ya ɓaci. Ciyawa ta rufe layin, taragai na tsaye sun yi tsatsa, awaki ke shan inuwa a ƙarƙashinsu, yaran da ke wucewa ta wajen da yawansu ba su taɓa jin ƙarar jirgi ba. A 2021 aka ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mun ji jirgi ya fara zuwa Aba, mu dai muna jira.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne, tsofaffin ma'aikatan ne, direbobi da masu juya layi da makanikan loko, 'yan fansho da ke ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya da labarinsu a baki ba wanda ya rubuta. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) a cikin garin, me zai hana a tura ɗalibai su zauna da dattawan nan su naɗi muryarsu su tattara hotunansu?

Don Allah ranka ya daɗe ka zauna da hukumar jiragen ƙasa a ba jiha ko da ɗaki biyu ne a tashar a yi gidan tarihi, a killace tsofaffin taragan tun kafin 'yan gwangwan su kai gare su, sannan ka matsa wa Abuja lamba gyaran dogon ya iso mana.

Naka,
wani ɗan Kafanchan