Yaya, kada a taɓa filin Baba

Bradford, Ingila
Disamba 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya sanyi? Ya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Ni dai lafiyata ƙalau, aiki sai godiya.

Na ga gara in rubuto da in kira, don in na kira wayar a kunnen kowa take, Inna na gefe, yara na ƙwace, ba a samun yin maganar da ta kamata. Ka karanta wannan kai kaɗai tukuna. Abin da ya dace Inna ta ji ka gaya mata, sauran ka bar shi a cikinka.

Jiya na tura naira 420,000 akawun ɗinka, in alat bai shigo ba ka sanar da ni. A cire 100,000 a sayi maganin Inna, na hawan jini da na ƙafar, a saya da yawa a ajiye, kada a jira sai ya ƙare a fara neman na gobe. A ba maman yara 150,000, kuɗin makaranta ne na zangon Janairu, ta biya ta turo min hoton rasit. Sai 70,000 na kwanon ɗakin Inna, a gyara yanzu da rani, tunda ka san ruwan Jos in ya sauko ba ya sallama. A kai wa Gwaggo 50,000 a hannu, a ce ina gaishe ta. Sauran 50,000 naka ne ka sa mai, kuma kada ka ce min a'a. Auta kuwa ko sisi kada ya shiga hannunsa.

To, maganar Autan ce ma ta sa na zauna rubutu. Labari ya iso ni, kuma ba daga bakinka ba, wannan ya fi komai ɓata min rai, cewa ya fara kai mutane suna zagaya filin Baba na Rikkos, ya kuma sa kekensa a kasuwa. Wai wani ejan a Abuja ya ce zai samo masa takardar aikin kula da tsofaffi a nan, in ya kawo miliyoyi. Yaya, gaskiya ne ko kuwa? In gaskiya ne, yaya aka yi kana gida hakan ke faruwa?

Ka zaunar da shi ka gaya masa da bakinka. Tun ranar 22 ga Yulin bana gwamnatin nan ta rufe ƙofar ɗauko masu irin aikin nan nawa daga ƙasashen waje. An rufe, babu wani ejan da ke da mabuɗi. Tun kafin nan ma, daga Maris na 2024, aka hana mai wannan bizar zuwa da mata da 'ya'ya, shi ya sa maman yara take nan gabanku ni ina nan. Takardar ɗaukar nauyin da ake ruɗinsa da ita kuma ba hajar sayarwa ba ce, wanda zai ɗauke ka aiki shi doka ta ɗora wa biyan kuɗinta. Da idona na ga 'yan Najeriya da suka sayar da gida suka biya irin waɗannan mutane, suka sauka suka tarar babu aikin, babu mai ɗaukar wayarsu, suna kwana a ƙasan ɗakin wani, ga kunyar komawa. Su ma fa sun shigo ne lokacin da ƙofa ke buɗe. Shi da zai biya yanzu ko filin jirgi ba zai gani ba.

Kada ka ɗauka kuka nake. Alhamdulillahi ina da aiki, ina da ɗaki mai ɗumi, wuta ba ta ɗaukewa, albashi na shigowa ranar da aka ce. Garin nan cike yake da Musulmi, galibi 'yan asalin Pakistan, masallaci ko'ina, naman halal ba wuya. Sai dai kuɗin da Auta ke bugawa a waya yana mai da su naira yana lumshe ido, bai cire haya ba, bai cire harajin kansil, wato na ƙaramar hukuma, ba, da kuɗin gas na ɗumama ɗaki, da na bas. Kafin ma su iso hannuna gwamnati ta zare nata. Aikin kuma awa 12 ne a tsaye, wanka da sauya zanin gado da ba da abinci a baki, har da abin da ba zan rubuta ba. Yaron da ko kwanon da ya ci tuwo ba ya ɗaukewa, shi zai yi wannan? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yanzu da hunturu kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu, azahar da la'asar da magariba duk a cunkushe. Mu da muke yi wa Kanawa fankama da sanyin Jos, ai sai mu yi shiru.

Wani lokaci ina yanke wa tsohuwar wani farce sai in tuna tawa na can da ciwon ƙafa, matarka da maman yara ne ke ɗawainiya da ita. A bar maganar. A sayi maganin nan dai.

Kwanakin baya a ɗakin hutu hira ta kai mu ga abin da kowa ya fi so a ƙasarsu. Baturiyar da ke shugabantar mu ta ce ita asibitinsu, wanda tun 1948 kake zuwa a duba ka ba a tambaye ka ko kwabo ba. Kullum suna mitar jiran layi, amma ka kushe shi a gabansu ka ga ɓacin rai. Ta ƙara da katin bas na kyauta da ake ba tsofaffinsu. Na ce a raina wannan kam sun yi gaskiya. Wata 'yar Indiya daga Kerala ta ce ita damina da kifin garinsu. Ɗan Zimbabuwe ya ce tuwon masarar uwarsa, muka yi ta dariya don da ya nuna hoton, tuwonmu ne sak. Da aka zo kaina, wallahi har hutun ya ƙare bakina bai rufu ba.

Na gaya musu garinmu a kan dutse yake, sama da mita 1,200 daga teku, mutum ya shekara bai nemi fanka ba. Na ba su labarin Farin Gada da sassafe, yadda ake sauke kabeji ana jefa wa juna daga kan mota, karas da aka wanke an tsibe shi ja wur yana ɗigar ruwa, ga latas ga koren wake ga tumatir, manyan motoci na lodi za su kudu. Na ce dankalin turawan da ake soyawa a otal-otal na Abuja daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ake kai shi. Da na ce ana noman strawberry a wajajen Vom har ana talla a bakin titi, Baturiyar ta ƙi yarda sai da na nuna mata a waya. Ita a tunaninta Afirka duk rairayi ne da zafi. Gwaten acca kam na rasa yadda zan kwatanta musu, sai na bar shi, amma yau da ina da kwano ɗaya na hannun Inna, da mai shayinmu na Bauchi Road ya haɗa min mai kauri, da ban nemi komai ba.

Ɗan Zimbabuwen ya ce, ba nan ne ake kashe-kashe ba? Na ce nan ne. Na ce amma nan ne kuma a 2018 limamin wani ƙauye a Barkin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi ba da su, har Amurka ta karrama shi a 2019. Ɗakin ya yi tsit. Ranar na ji kaina ya yi girma.

Abin da ban faɗa musu ba, don na san murya za ta ba ni kunya, shi ne ranar rasuwar Baba. Ka tuna. Bayan asuba ya cika, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni da kai ba mu san wanda ya haƙa kabari ba, ba mu san wanda ya kawo likkafani ba, mun dai ga layin ya cika har bakin titi. Kwanukan abinci suka yi ta shigowa, wasu har yau ba mu san gidan da suka fito ba, Inna ta yi ta cigiyar masu su. Mutumin nan Inyamuri da suka yi maƙwabtakar shago da Baba ya rufe shagonsa ya zo ya cire takalmi ya zauna kan tabarma har magariba, bai ce komai ba sai girgiza kai. A nan wani dattijo da nake kula da shi ya rasu, sai da aka yi makonni kafin jana'izarsa, waɗanda suka halarta ba su cika benci biyu ba. Ba wai mugayen mutane ba ne, suna da kirki da tausayi da riƙon alkawari, rayuwarsu ce ta ginu a haka. Wanda muke haɗa bango da shi ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. A gida daga ƙofarmu zuwa masallaci sai ka gaisa da mutum goma, wani ya tambayi Inna, wani ya tsokane ka, mai shago ya ba ka bashi ba takarda. Auta na da duk wannan yana ganin ba shi da komai.

Na san zai ce mai ƙoshi ne ke magana, ai ni na fita. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Ban manta rikicin Jos na 2001 ba, ban manta na 2008 da 2010 ba, da yadda gari ya rabu kowa ya koma unguwar nasa. Kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 har na baro gida kangonta na tsaye. Na san yadda komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, na san mai keke shi ya fi kowa ji a jikinsa. Ai abin da ya kore ni ke nan. Ba don daɗi na bar 'ya'yana suna girma a cikin waya ba. Inna ta ce min kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma ba na so maganar nan ta tabbata a kaina.

Shi ya sa filin nan. Ba na Auta ba ne shi kaɗai, gado ne, Inna na da tumuninta, 'yan mata na da rabonsu, kai da ni muna da namu. Ni niyyata in Allah Ya yarda bayan Sallah a zuba harsashi, ko ɗaki biyu ne a fara. Ka ɗauke takardun daga akwatin Inna yau ɗin nan, ka kai wa Kawu ya ajiye. Ka je wajen mai unguwa ka shaida masa filin ba na sayarwa ba ne, duk wanda ya ba da kuɗi ya yi asara. In Auta ya riga ya karɓi kafin alƙalami a hannun wani, ka gaya min nawa ne, zan san yadda zan yi a mayar, amma ta hannunka, ba ta hannunsa ba.

Kada ka yi masa faɗa a gaban matarsa, kuma kada Inna ta ji, jininta zai hau. Ka ja shi gefe. Ka ce masa ban ƙi ci gabansa ba, ni na goya yaron nan. In ya bar keken a hannunsa ya nutsu, zan haɗa masa jari ya riƙa saro dankali daga Mangu yana kaiwa Abuja, tunda abokinsa na makaranta yana harkar, sai su haɗa mota. Amma sai na ji daga bakinka cewa ya rabu da ejan ɗin nan. In ya ba shi fasfo ya je ya karɓo.

Akwai wani ɗan Bukuru da zai dawo nan ƙarshen Janairu, zan turo maka lambarsa. Maman yara ta haɗa min yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure daddawar sosai kada ta cika wa bawan Allah jaka da wari. In an samu acca mudu ɗaya a sa. Kada a sa kilishi ko dambun nama, ba a shigowa da nama ƙasar nan, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa min albarka. Ka gaida matarka da yara, da Kawu da Gwaggo da mutanen majalisa. Ina jiran hoton rasit, da labarin takardun in sun isa hannun Kawu.

Wassalam,
Ƙaninka