Matan Biyetnam ba riguna kaɗai suka bari ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da shirinku na daren Asabar kan gidan tarihin matan Biyetnam da ke Hanoi, babban birnin ƙasar, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Mai gabatarwa ya cinye kusan dukkan lokacinsa wajen yabon riguna da sarƙoƙi da kayan amare, har mai sauraro ya ɗauka wani katafaren shagon tela aka kai shi.

Ni na taka gidan nan da ƙafata lokacin da cinikin ƙwallon yazawa ya kai ni ƙasar. Gaskiya ne akwai sashen tufafin ƙabilu 54 na Biyetnam, kuma yana da kyau, amma sashe ɗaya ne cikin uku tare da na iyali da na tarihi. A sashen tarihi ne na ga mutane sun yi tsit suna karanta wasiƙu da duba hotunan matan da suka yi yaƙi da Faransa, daga baya kuma da Amurka. Ta yaya za a yi shiri kan wannan gida ba a ambaci Nguyen Thi Dinh ba, wadda ta jagoranci boren yankin Ben Tre da ke kudancin Biyetnam a 1960 har ta zama mataimakiyar kwamandan dakarun ’yantar da kudu? Ina Vo Thi Sau, yarinyar da Faransawa suka harbe a tsibirin Con Dao a 1952 tana ’yar shekara 19? Ko ’yan’uwan nan biyu mata na gidan Trung, waɗanda suka tayar wa Sinawa da ƙayar baya tun shekara ta 40 miladiyya, ba su samu ko jimla ɗaya a bakinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsallake matan talla. Gidan ya ware musu wuri na musamman: matan ƙauye ne da ke shigowa Hanoi da kwanduna biyu rataye a sanda bisa kafaɗa, suna kwana a cunkushe a ɗakunan haya domin su aika wa gida kuɗin makarantar ’ya’ya. Ƙungiyar Matan Biyetnam, wadda ta buɗe gidan ga jama’a a 1995, ba ta ga ƙasƙanci ba wajen ajiye su kusa da jarumai, amma ku kun ga ba su kai a ambace su ba.



Ina roƙon a sake shirin a cike giɓin.

Naku mai sauraro,
daga Zariya