Wasiƙa daga Jidda zuwa Ɗa'ifa

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yara. Mu nan Jidda sai godiya, in ban da zafi da ya sa mu gaba.

Mamanki ta ce kin yi kuka ranar da aka ba ku sakamakon jarrabawar fiziya, wato fiziks, har kina cewa kanki ba ya ɗaukar babin ƙarfi da matsi, wanda malaminku ke kira ƙuwwa da daght. Maganar ta tsaya mini a rai, domin da wannan babin nake ciyar da ku. Shekara ashirin da ɗoriya ina ƙarƙashin motoci a warsha, wato garejin gyaran mota, kusan duk abin da hannuna ke taɓawa yana cikinsa.

Kin tuna tafiyarmu Madina, kina 'yar shekara tara, da taya ta fashe mana? Na gangara gefen titi, na kafa jak a kan rairayi. Ina bugawa, mota ko motsi, jak ɗin ne ke nutsewa cikin ƙasa. Rana tsaka, gumi na shiga mini ido, ƙaninki na tsala kuka. Can wani direban tirela ya tsaya, Allah ya saka masa, ya miƙo mini guntun katako mai faɗi. Na sa a ƙarƙashin jak, nan take mota ta ɗaga. Nauyinta bai ragu ko da kilo ɗaya ba, wurin da nauyin ya sauka ne ya faɗaɗa. Ƙa'idar da kike haddacewa kina mantawa ke nan: matsi shi ne ƙarfi a raba shi da faɗin wuri. Shi ya sa raƙumi, da tafinsa mai baje, yake ratsa rairayin da akuya ke lumewa, shi ya sa kuma wuƙar da aka wasa take yanka nama ba wahala.

Ki riƙe ma'aunai da kyau. Ƙarfi da niyuton ake auna shi, sunan Isaac Newton na Ingila wanda ya fitar da dokokin motsi guda uku a 1687. Ƙasa tana jan kowane kilo da kusan niyuton 9.8, don haka mai kilo 50 tana danna ƙasa da niyuton 490. Matsi kuwa da faskal, sunan Blaise Pascal na Faransa: niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. A nan yara ke faɗuwa, kuma ina zaton a nan kika zame. Murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba. In mai kilo 50 ɗin ta tattara nauyinta kan tsinin takalmi mai faɗin murabba'in santimita ɗaya, matsin ya kai faskal miliyan 4.9. Ki lissafa da kanki, kada ki yarda don na faɗa.

Jak ɗin kansa ya fi komai burge ni, har yau. Mai ne a cikinsa, da fistin biyu, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin bututu, ƙarami da babba. Pascal ya gano cewa in ka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. To in fuskar babban fistin ta ninka ta ƙaramin sau 20, ƙarfin hannuna zai ninka sau 20. Sai dai ba kyauta ba ce: kafin mota ta ɗaga santimita ɗaya, sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 20, abin da ya sa kike ganina ina ta bugawa. Birkin mota ma haka yake, kuma in iska ta shiga cikin man birki sai ƙafa ta nutse a banza, domin iska tana matsuwa, mai kuwa da ƙyar.

Ke ma kin fi ni sa'ar wuri. Mu a bakin teku iska na danna mu da faskal wajen 101,000, kamar kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita na jikinmu. Wani Ba'italiye, Torricelli, ya auna ta a 1643 da bututun gilashi mai zaiba. Ku a Ɗa'ifa kuna sama da teku da mita wajen 1,800, iskar da ke kanku ba ta kai tamu ba. Toshewar kunnen da kike yi a hanyar Hada, mai gangarowa daga dutsen Ɗa'ifa, daga nan take. Ruwanku ma yana tafasa a wajen digiri 94 maimakon 100, dalilin da Gwaggonki ke ƙorafin wake ba ya nuna sai ta ɗora tukunyar daght, wato tukunyar matsi.

Ga abin da nake so ki yi. Ranar da za ki sauko hutu, ki samu gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki, ki ɗaure murfinta tamau tun kina can, ki riƙe ta a cinya. Ki riƙa dubanta kuna gangarowa. In kin iso ki nuna mini yadda ta koma, ki yi mini bayanin dalili da bakinki. Ki taho da takardar jarrabawar ma, mu zauna bayan Isha mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki fahimta.

Babanki.