A ba yaranmu labarin Osi Umenyiora, amma a ba su shi cikakke

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka tare da abokan aikinka na sashen wasanni, Allah ya ƙara basira. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, kuma na daɗe ina bin shirinku. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani ɗalibina ɗan shekara 17, dogo, mai ƙirji kamar ƙofar zaure, wanda ya tare ni bayan an tashi ya miƙo mini wayarsa da gilashinta duk ya tsage. Bidiyo ne na samarin Najeriya suna gudu suna ture juna a gaban masu zaɓen 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka. Ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? Ba su taɓa buga wasan ba, amma ga su an kai su Amurka." Gaskiya ya faɗa. A 2022 ƙungiyar New York Giants ta ɗauki Roy Mbaeteka daga Najeriya alhali bai taɓa buga wasan gasa ko sau ɗaya ba. Amma rabin labarin yaron nan ya ji, kuma ina roƙon ku taimaka ku kawo masa sauran rabin.

Mutumin da ke bayan wannan yunƙuri shi ne Osi Umenyiora, kuma ya cancanci a ware masa shiri guda. An haife shi a Landan a 1981, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne. Yana ɗan shekara 7 aka dawo da shi Najeriya, yana 14 aka tura shi garin Auburn da ke jihar Alabama. A can ya fara ganin wannan wasa, a lokacin da tsaransa na Amurka sun yi shekaru da sanin kansa. Manyan jami'o'i ba su neme shi ba, sai ya tafi Jami'ar Troy State. A 2003 Giants suka zaɓe shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa da NFL ke yi duk shekara, shi ne mutum na 56 da aka kira sunansa a wannan shekarar.

Da yawa cikin masu sauraro suna haɗa wasan da zari-ruga, don haka bari in ɗan warware. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su wasu huɗun. Akwai madugunsu, wanda yake karɓar ƙwallo ya jefa wa abokansa, kuma ƙarti biyar ne suke tsaye a gabansa kamar katanga. Aikin Osi shi ne ya tsaya a bakin wannan katanga, da zarar ƙwallo ya motsa ya zagaye ƙaton da ke gabansa, ya kayar da madugun kafin ya yi jifa. Duk abin bai wuce daƙiƙa uku ba. Wanda ya san kokawa zai gane abin da ido: a saukar da kafaɗa, a kaɗe hannun abokin karawa, a bi ta inda nauyinsa ya karkata. Osi ba ya cikin mafiya girman jiki a wannan matsayi. Saurin takunsa na farko ne makaminsa, da kuma wata dabara ta doke hannun madugu daga baya har ƙwallo ya suɓuce. A kakar 2010 kaɗai sau 10 ya sa ƙwallo ya faɗi daga hannun abokan hamayya.

Ranar 30 ga Satumba 2007 ya kayar da Donovan McNabb, madugun Philadelphia Eagles, sau 6 a wasa ɗaya. Ɗan baya nagari yakan yi kaka guda bai kai 10 ba. Saura ɗaya ya kamo tarihin da Derrick Thomas ya kafa a 1990. Watanni huɗu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 2008 a jihar Arizona, Giants suka fuskanci New England Patriots a wasan ƙarshe na Super Bowl. Patriots sun zo da nasara 18 a jere, ba wanda ya ci su a kakar. 'Yan bayan Giants, su Michael Strahan da Justin Tuck da Osi, suka hana madugun Patriots, Tom Brady, sakat, aka kayar da shi sau 5, aka tashi 17 da 14. Ni na sha kallon wannan wasa, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gab da hutun rabin lokaci, da Tuck ya doke ƙwallo daga hannun Brady, Osi ya faɗa a kansa ya rungume.

Bayan wata shida gwiwarsa ta samu matsala a wasan share fage, aka yi masa aiki, kakar 2008 gaba ɗaya ta wuce shi. Ya dawo, ya sake cin kofin a Fabrairu 2012, a kan Patriots ɗin dai, 21 da 17. Ya yi shekara biyu a Atlanta Falcons, ya ajiye wasa a 2015 bayan ya kayar da madugai sau 85. Daga nan ya koma sharhi a talabijin a Ingila, ya kafa shirin The Uprise na neman matasa a Najeriya, kuma yana kan gaba lokacin da NFL ta yi sansaninta na farko a Afirka, a Ghana, cikin 2022. Ina ganin girmansa ƙwarai. Mutum ne da ya hau, bai janye tsani ba.

To, a wancan daren na Arizona akwai wani ɗan baya a ɗaya ɓangaren, sanye da rigar Patriots, mai suna Junior Seau. Shekararsa 39 a lokacin, yana neman kofin da bai taɓa ci ba. Asalin iyayensa daga Samoa ne, ya tashi a Oceanside ta jihar Kalifoniya, San Diego Chargers suka zaɓe shi na 5 a 1990. Ya buga kaka 20, sau 12 yana shiga jerin gwanayen shekara. Ranar 2 ga Mayu 2012, wata uku bayan Osi ya ɗaga kofinsa na biyu, Seau ya kashe kansa yana da shekara 43. Iyalinsa suka ba da ƙwaƙwalwarsa aka bincika, a farkon 2013 likitoci suka tabbatar yana da cutar da ake kira CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sakamakon yawan bugun kai. Tana zuwa da mantuwa, da saurin fushi, da baƙin ciki mai nauyi, kuma ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya rasu. Hular kwano tana kare ƙashin kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikinsa duk lokacin da aka yi karo.

Abin da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya sani shi ne, wanda ya fara gano wannan cuta a jikin ɗan wasan NFL ɗan ƙasarmu ne, Dokta Bennet Omalu, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002 yana aikin binciken gawa a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Steelers da ya rasu yana da shekara 50. An daɗe da sanin irin wannan lahani a wurin 'yan damben zamani, amma ba a yarda yana cikin ƙwallon Amurka ba. Da Dokta Omalu ya wallafa bincikensa a 2005, likitocin NFL suka nemi a janye shi. Sai a 2016 wani babban jami'in gasar ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsoffin 'yan NFL 111, suka samu cutar a 110. Adalci ne a faɗi cewa yawancinsu iyalan da suka ga alamu ne suka kawo su, don haka ba kowane ɗan wasa ne zai kamu ba. Duk da haka, uba ba zai ji wannan adadi ya yi barci mai daɗi ba.

Ga kuma ƙanƙantar ƙofar. Ƙungiyoyi 32 ne kawai, kowace da 'yan wasa 53 a babban jerinta, kuma yawancin waɗanda suka shiga ba sa wuce 'yan shekaru ana sallamarsu. Sa hannu a takarda ba shi ne shiga fili ba. Osi kansa ta hanyar makaranta ya bi, sakandare sannan jami'a, kafin wani ya biya shi ko dala ɗaya. Wannan nake so ɗalibina ya ji daga bakinku, domin ya fara cewa jarrabawar ƙarshe ba ta dame shi ba tunda yana da jiki.

Ban hana shi sha'awarsa ba, kuma ba zan hana shi ba. Na ce masa ya fara da nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mutum maimakon a kayar da shi, tunda ma an sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles. Ranar Asabar da ta wuce muka yanka tsohon zane muka yi ƙyallaye, muka ja layi da toka a filin makaranta, yara 14 suka fito.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shiri guda a kan rayuwar Osi Umenyiora, ku sa labarin Junior Seau da na Dokta Omalu a cikinsa, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa iyaye bayani da Hausa a kan alamomin bugun kai da abin da ya kamata a yi idan yaro ya faɗi ya tashi yana jiri. In kun sa rana ku sanar da wuri, zan tara ɗalibaina mu saurara tare.

Na gode, Allah ya taimaka.

Mai sauraronku,
Malamin motsa jiki, daga Kaduna