Wasiƙa daga Marwa

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Ngaundere?

Na ga saƙonka game da samarin da kake son haɗa wa wasan kwaikwayo kan rikicin manoma da makiyaya. Shawarata ita ce kada wasan ya zo da amsarsa a hannu. A kai shi daidai inda abu ya ɓaci, a tsaya, a bar 'yan kallo su gyara. Augusto Boal na Barazil ne ya shahara da wannan salo a shekarun 1970, kuma a nan Kamaru Hansel Ndumbe Eyoh ya kai wasan kwaikwayo ƙauyukan Kumba a 1984. Mu ma ba baƙonmu ba ne: abin da ɗan tashe mai gemun auduga ke faɗa wa mai gida, babba ba ya iya faɗarsa.

Kafin a tsara komai, samarin su yi kwana uku ko huɗu a garin suna sauraro, a bakin rijiya, a kasuwar shanu, a majalisar masu shayi. Su tsinci magana ɗaya tak, misali burtalin da aka nome, shanu suka rasa hanyar ruwa suka faɗa gona. 'Yan wasa shida zuwa takwas sun isa, wasan kuma kada ya wuce minti 20. A yi shi bayan la'asar ranar kasuwa, don a samu awa guda ta muhawara kafin magariba ta watsa taro. A haɗa Fulatanci da Hausa, in ba haka ba rabin fili zai zama kurma.

Nauyin duka yana kan jagora, wato mai tsayawa tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo. Shi zai tafa hannu a tsaya, ya ce, "Wa zai shiga madadin manomin nan ya gwada wata dabara?" Wanda ya shigo, kada 'yan wasa su sakar masa da sauƙi, su yi masa gardama yadda za a yi masa a gaban jauro, wato mai gari. In ya kawo maganin da ba ya yiwuwa, kamar a ce gwamnati ta kewaye kowace gona da waya, jagora ya juya ga jama'a ya tambaya ko sun taɓa gani. Kuma ya riƙa kai tambaya ɓangaren mata da gangan, don dattawa biyu na iya cinye lokacin duka.

Abin da ya fi kashe irin wannan wasa shi ne mugun cikin wasan ya yi kama da wani sananne. Hula, sanda, ko ɗingishi kaɗai sun isa a ce ai wane ake nufi, daga nan maganar burtali ta mutu, sai ramuwa. Barkwanci ma a yi shi da awo, don in dariya ta yi yawa sai a tashi ba a tuna komai ba.

Batun izini: a fara gaida lawan ko jauro, sannan a kai sanarwa ofishin sufurefe, wakilin gwamnati a yankin. Dokar taron jama'a ta 1990 ta ce aƙalla kwana uku kafin taro, amma ku ba da mako.

A sa mutum guda ya rubuta abin da aka yarda a kai da wanda ya ɗauki alkawari, a koma garin bayan wata ɗaya da takardar.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bello