Shagon Yayana Ne, Amma Hannuna Ke Tura Fim Ɗin

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa wannan fili.

Ni saurayi ne ɗan shekara 26 a nan Kano. Ina tsaron shagon yayana, inda muke cajin waya da tura fina-finai. Jari nasa ne, kwamfuta tasa ce, ni ke zama daga safe har dare, kuma da abin da yake ba ni nake biyan kuɗin karatun yamma. Muna tura na Hausa, na Indiya, fassara, da na Amurka. Da na Amurkan ne matsalata take, musamman fina-finan ban tsoro na ramuwar gayya.

Akwai wani mai suna I Spit on Your Grave. Na asali ya fito a 1978, labarin wata marubuciya da ta je ƙauye don ta yi rubutu, wasu maza huɗu suka yi mata fyaɗe, daga baya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kashe. Wanda ya shirya shi, Meir Zarchi, ya ce abin da ya sa shi yin fim ɗin shi ne wata mata da ya taɓa taimaka wa a birnin New York bayan an yi mata irin wannan ta'asa. To, ko a wancan lokacin ba a bar shi ya sha ruwa ba. A Ingila an sa shi cikin jerin kaset-kaset da hukuma ta riƙa ƙwacewa a shekarun 1980. Aka sake yin sa a 2010, sai kashi na biyu a 2013, na uku a 2015, wani kuma a 2019.

Anti, na kalle su, ba zan ɓoye miki ba, don ba na tura abin da ban san cikinsa ba. Na farko ko da ya tayar min da hankali, na ce ƙila akwai abin da ake son nunawa. Amma na 2013 fa? Yarinya ce daban, mai neman aikin tallar kaya a New York, aka sace ta aka kai ta ƙasar Bulgeriya, aka kulle a ƙarƙashin gida. Babu wani sabon labari. Wuri kawai aka sauya, aka ƙara wa azabar tsawo da muni. Kyamara tana tsayawa kan kukanta ta daɗe, kamar mai gasa nama yana jiran ya nuna. In ta tashi ramawa kuma, ita ma sai a mayar da ita dodo, a bi kowane mutum da irin azabar da ta fi ta wancan. A ganina ramuwar hujja ce kawai, don mai kallo ya ce ai mugaye sun ga ƙarshensu, ya wanke zuciyarsa daga abin da ya zauna ya kalla tun farko. Dalilin yawan kashi-kashin kuma ba ɓoyayye ba ne. Wani fim ɗin ban tsoro mai suna Saw, na 2004, kuɗin da aka kashe masa bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ya kawo sama da miliyan 100, shi ya sa zuwa 2023 aka kai na goma. Kowa ya ga rijiya mai ruwa, guga zai zura.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru makon jiya. Wani yaro da bai wuce shekara 14 ba, ɗan layinmu, na san mahaifinsa a masallaci, ya zo da wayar babarsa. Ya ce in tura masa kashi na biyu na I Spit on Your Grave, wai abokansa sun ce a nan aka fi gana wa yarinyar azaba. Bai ko ambaci ramuwar ba. Yana faɗa yana dariya. Na ce masa fim ɗin ya goge daga kwamfuta. Ƙarya na yi, kuma ta tsaya min a rai har yau.

Da na faɗa wa Yaya, sai ya ce kasuwa ce, in ban tura ba shagon gaba zai tura, kuma tarbiyya aikin iyaye ce, ba ta mai caji ba. Ya ƙara da cewa waɗannan su ne ke kawo samari, in sun zo kuma sai sun yi caji sun sayi kati. Gaskiya ba ƙarya ya yi ba. Ya ce kuma in na fi shi tsoron Allah, ƙofa a buɗe take. Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ban taɓa ɗaga masa murya ba, ba kuma na son farawa a kan fim.

Na yi tunanin goge su a ɓoye, amma wannan cin amana ne, dukiyarsa ce. Na yi tunanin in riƙa hana yara kawai, manya su ji da kansu. Sai na tuna ƙato ne zai karɓa, ya tura wa ƙaninsa da daddare. Wani abokina ya ce in kai maganar Hukumar Tace Fina-finai, to in kai ƙarar wa, ɗan'uwana?

Anti, ki taimaka min da shawara. Hana yara kaɗai ya isa, ko yaudarar kaina nake yi? Ya dace in sanar da mahaifin yaron nan, ko zai zama na tona masa asiri na ja masa duka? Kuma ta wace hanya zan sake tunkarar Yaya ba tare da ya ga kamar na raina shi ba? Na so in sa Hajiyarmu a maganar, amma ina jin kunyar bayyana mata abin da ke cikin fim ɗin.

Ranar Asabar zai zo mu yi lissafin mako, ina so kafin nan in san abin da zan ce masa.

Na gode. Don Allah a sakaya sunana.

Ɗanki,
wani mai sauraro daga Kano