Malam edita, a raba darasin SVT da zancen ilhadi

Assalamu alaikum Malam edita, sannunku da aiki kai da abokan aikinka baki ɗaya.

Na saurari shirinku na makon jiya kan matasan da ke barin addini, kuma na ji daɗi da kuka taɓo zancen don abin yana nan, ba a Turai kaɗai ba, har cikin salular yaranmu yake. Sai dai akwai maganar da ta tsaya min a rai, inda baƙonku ya ce wai duk wanda ya karanta nazariyyar Darwin ta juyin halitta ya gamsu to ya zama mulhidi, kuma wai duniya kashi biyu ce, Turawa sun bi Darwin sun bar Allah, mu musulmi mun ƙi shi. Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a nan Tahoua, da wannan darasi nake shiga aji, don haka ku yi haƙuri in faɗi nawa.

Duniya ba haka ta rabu ba wallahi. A Amurka, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2019 ta nuna kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar sun yarda Allah Ya halicci mutum ne a siffarsa ta yanzu, babu wani juyin halitta, kuma can ne a 1925 aka kai wani malamin lakwal John Scopes kotu a jihar Tennessee aka ci shi tarar dala 100 saboda koyar da wannan darasi. Su ma Kiristocin bakinsu ba ɗaya ba ne, Paparoma John Paul na biyu a 1996 ya ce juyin halitta ya wuce a kira shi hasashe kawai, bai kuma bar addininsa ba. To mu dawo gida wajen musulmi. Cibiyar Pew ta fitar da bincike a 2013, ta tambayi musulmin ƙasashe da dama ko mutane da sauran masu rai sun sauya a tsawon zamani, a Kazakistan kashi 79 suka ce e, Labanan 78, Maroko 63, amma Iraƙi 27, Afganistan 26. Duka fa masu kallon alƙibla ɗaya ne. Kazakistan za a ce ai zaman Tarayyar Sobiyat ne ya bar musu haka, na yarda, to Maroko fa? Turkiyya kuma gwamnati ce da kanta ta cire darasin daga manhajar lise a 2017. Kenan irin karatun da aka yi wa mutane da tarihin ƙasarsu da siyasarta su ke juya ra'ayin nan, ba wai wani ya fi wani salla ba.

Kuma abin da muke koyarwa ɗin ma mene ne? Duk wanda ya manyanta a ƙasar nan ya san Nibakin, maganin palu wato zazzaɓin cizon sauro, da can ƙwaya kaɗan za ka haɗiya masassara ta sauka, yau je ka likita ka ga ko za a rubuta maka ita don palu. Ƙwayar cutar ce ta sauya, waɗanda maganin ke kashewa suka mutu, 'yan kaɗan masu jurewa suka rage suka hayayyafa har suka cika gari. Haka sauro ke yi da maganin da ake sa wa sange. Wannan shi ne zaɓin da Darwin ya yi bayani a 1859, kuma manomin albasa na Galmi da ke ware iri mai kyau ya ajiye don baɗi ya san rabin zancen tun kafin ya ji sunan wani Bature. Wanda ya je Yamai kuma ya shiga muze na Boubou Hama zai ga ƙasusuwan dinozor da na wani ƙaton kada da aka tono a Gadoufaoua cikin jihar Agadas, masana sun ce sun kai shekara miliyan 110, lokacin wurin da yake rairayi yau koguna ne. Ƙasarmu ce fa, ba daga Faransa aka kawo su ba. Allah da kanSa Ya ce a Suratul Ankabut aya ta 20 mu yi tafiya cikin ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta, ni ban ga ta inda duba ƙashin nan zai fitar da yaro daga musulunci ba.

Ba zan ɓoye wurin da ke da wuya ba, shi ne asalin mutum. Kimiyya ba ta ce birin da ke yawo a daji yau shi ne kakanmu ba kamar yadda ake ta yaɗawa a WhatsApp, cewa ta yi tushe ɗaya ne can baya, kuma ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da ake kira Tumai, wanda aka samo a Cadi a 2001, mai wajen shekara miliyan 7, yana cikin hujjojin da suke kawowa. Ni musulmi ne, na yi imani da halittar Annabi Adam alaihissalam yadda Alƙur'ani ya faɗa, kuma akwai malaman zamani da ke cewa halittarsa abu ne na daban da ya saɓa wa al'ada, amma nassi bai hana a yi bincike kan sauran dabbobi da tsirrai ba. Wasu malaman ba su yarda da haka ba. Wannan muhawara ce ta masu ilimi, a yi ta da ladabi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaran. In na fara darasin sai ka ga wani ya rufe kayensa ya harɗe hannu ya ce mushe wannan kafirci ne, wani ya hardace don jarrabawar BAC kawai yana jin kamar zunubi yake yi, amma wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai kaifin kan nan da ke zama shiru, ya ga hujjar Nibakin ta zauna masa, a gida kuma an ce masa ko Darwin ko Allah. Da dare sai ya hau YouTube ya ci karo da irin su Richard Dawkins, masanin halittun nan mai kira zuwa ilhadi, su ma abin da za su gaya masa kenan, ko Darwin ko Allah, sai dai su ce ya zaɓi Darwin. Mu da bakinmu muka share musu hanya. Alhali shi Darwin ɗin ma a wata wasiƙa ta 1879 cewa ya yi bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba, shakka ce ya ce yana da ita.

Roƙona Malam edita, ku sake shirin, ku gayyato malamin addini da ya karanci zancen da kuma malamin kimiyyar halittu daga Jami'ar Abdou Moumouni su zauna teburi ɗaya, a yi shi da Hausa, a buɗe layi ɗalibai su kira su yi tambaya ba tare da an ambaci sunansu ba. In da hali ku sa shi ranar Lahadi da marece lokacin babu lakwal, ni zan sanar da 'yan ajina.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronku, malamin SVT daga Tahoua